Shimfiɗar Tabarma a Inda Babu Fuska: Lacca a kan Adon Gidaje da Kantuna a Wasannin Intanet

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya dasa wa ɗan Adam son mazauni da son ƙawata shi, da salati ga fiyayyen halitta, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari wanda na tabbata dattawan da ke sahun gaba, da suka ga sunansa a takardar gayyata, sun yi mamakin yadda za a tara masu hankali dominsa, wato yadda masu wasannin kwamfuta na intanet suke kafa gidaje da kantuna a cikin wasan, suna kuma raya dare wajen yi musu ado. Ban ga laifin mai mamaki ba, gama kalmar wasa a bakinmu ta yara ce da dandali. Amma na daɗe da lura cewa halin mutum ya fi fitowa sarari a wurin da babu wanda ya tilasta shi, kuma don wannan dalili ne na ga mas'alar ta cancanci nazari.

Wajibi ne in fara da bayanin irin wasan da nake nufi, domin kada a ɗauka irin wanda yaro kan yi shi kaɗai ne a waya, in ya kashe ta komai ya shafe. Wannan wata ƙasa ce da aka zana da birane da dazuzzuka da tekuna, aka ajiye ta a cikin manyan na'urorin kamfani waɗanda ba a kashe su dare da rana, mutane dubbai daga ƙasashe dabam-dabam suna shiga cikinta a lokaci guda, kowa da surar da ke wakiltarsa, wani maƙeri, wani maɗinki, wani mayaƙi, wani masunci; kuma idan ka rufe kwamfutarka ka kwanta, ƙasar ba ta kwanta tare da kai ba, abin da ka ajiye jiya a gindin wata bishiya yau za ka tarar da shi a nan, in dai wani bai riga ka ba. Daga wannan ɗorewa ne dukan abin da zan faɗa ya samo asali, domin inda abu ke ɗorewa nan mallaka ke shigowa, inda mallaka ta shigo kuwa ba a daɗe ba za a nemi ɗaki da ƙofa da makulli.

Misalin da na fi sani, wanda kuma kusan dukan na bayansa daga gare shi suka ɗauki darasi, shi ne Ultima Online, wanda kamfanin Origin Systems na birnin Austin a jihar Texas ta Amurka ya fitar a watan Satumba na 1997, a ƙarƙashin Richard Garriott, da Raph Koster a matsayin babban mai tsara shi. Ƙasar wasan sunanta Britannia, an kuma yi mata kwafi da yawa, kowane da sunansa da jama'arsa, irin su Atlantic da Great Lakes da Chesapeake, da Europa ta mutanen Turai, da Yamato da Asuka na Japan. Abin da ya bambanta shi shi ne, mutum zai tara kuɗin wasan ya sayi takardar gida, ya fita bayan gari ya nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda babu dutse ko itace a ciki, ya dasa gidansa a nan, a kan hanyar da kowa ke bi, tun daga ɗan ɗaki ciki ɗaya har zuwa hasumiya da babbar fada mai ganuwa. A farkon zamanin gidan makulli gare shi kamar na gaske, ɓarawo na iya zare shi daga jakarka, ko a kashe ka a daji a ɗauke, ka dawo ka tarar an yashe ɗakin ƙarƙaf. Sai daga baya aka ba mai gida ikon kafe kaya a inda ya ajiye su, yadda baƙo zai gani da ido amma hannunsa ba zai ɗaga ba. Wannan ɗan gyara, wanda aka yi shi don maganin sata, shi ne ya buɗe ƙofar ado, domin sai da aka amince kaya ba za su ɓace ba sannan aka yarda a fito da su daga cikin akwati a bar ƙofa a buɗe.

A nan ne nake son malamai su taya ni dubawa. Malaman usulu, kamar Imamu Shaɗibi na Andalus, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: ta larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, ta buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ta ƙawa, wadda ke kyautata abin da ya riga ya tsayu. Ibn Khaldun kuma, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi bayanin cewa sana'o'in ƙawa ba su bunƙasa sai inda zaman birni ya kafu, mutane suka wuce neman abin kai wa baki. To, ku dubi gidan cikin wasa da wannan ma'auni. Surar da ke wakiltar mutum ruwan sama ba ya dukanta, sanyin hunturu ba ya shigarta, ba ta barci balle ta nemi gado, ba ta gajiya balle ta nemi kujera. Iyakar amfanin gidan na zahiri shi ne ajiyar kaya, wanda akwatuna huɗu a kusurwa sun wadatar. Ashe ke nan gado da tebur da fitila da darduma da tukunyar fure, dukansu daga kashi na uku suke, babu ko ƙwayar larura a ciki. Alhali kuwa a kansu ne kafintocin wasan suka yi ta samun ciniki, a kansu ne kuma mutane suka zuba mafi yawan haƙurinsu. Na yi shekaru ina juya wannan a raina, abin da na tsaya a kai kuwa shi ne, akwai wata larura da ba ta jiki ba ce, wato mutum ya sami wanda zai shaida cewa yana nan, kuma shi mutumin kirki ne. A ƙasar da aka ɗauke wa mutane yunwa da sanyi, ita kaɗai ta saura, sai ta fito tsirara yadda ba mu saba ganinta ba.

Bari in kwatanta muku yadda aikin yake, don gani ya kori ji, ko da ganin na kunne ne. Mai kallon Ultima Online daga sama yake hangen ƙasar, a ɗan karkace, kuma ba shi da ikon juya idonsa ya zagaya bayan abu. Ta fuska ɗaya tak ake ganin komai. Masu basira suka gane cewa, tun da haka ne, idan aka ɗora wani abu a bisa wani, aka ɗaga wannan kaɗan, aka tura wancan taku ɗaya baya, ido zai haɗa su ya ga abu guda wanda masu wasan ba su taɓa zanawa ba. Babu fiyano a cikin kayan da kamfani ya tanada, sai mutane suka kai ƙyallaye tukunyar rini suka rina su baƙi ƙirin, suka jera su tsibi-tsibi a tsayi dabam-dabam, suka cusa allon dara mai gidaje baƙi da fari a inda ya kamata 'yan maɓallan kiɗa su kasance, suka ajiye kujera a gaba, ga fiyano ya tsaya a zaure. Babu tankin kifi na gilashi, sai suka rina ƙyalle shuɗi ya zama ruwa, suka saka kifi da bawon katantanwa a tsakani. Kafin a ba su wani ɗan abin aiki na ɗagawa da saukewa da juyawa, dabarar ɗaga abu sama ita ce a tara tarkace a ƙarƙashinsa har ya kai inda ake so, a kafe shi, sannan a zare na ƙasan ɗaya bayan ɗaya. In aka kuskure jeri ɗaya sai a rushe a koma farko, har aikin da ba zai fi faɗin tafin hannu a allon kwamfuta ba ya cinye wa mutum daren Juma'a sukutum. Haka kuma aka yi a Star Wars Galaxies, wanda ya fito a 2003, inda da farko ba a iya ɗaga kaya sama, sai mai ado ya hau matakalar bene ya ajiye abu a kan tsayin da yake so, sannan ya yi ta tura shi cikin iska har ya isa bango. Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, amma a nan uwar ɗakin ta zama sana'a mai malamai da almajirai, har ana kiran gwani daga wani gari a biya shi ya shirya ɗaki.

Iyayena mata da ke nan ba su buƙatar in yi musu dogon sharhi, domin sun riga masu kwamfuta sanin wannan ilmi. Ranar jere, gwaggo da inna da yayye sukan shiga ɗakin amarya da kwanuka da tasoshi da fanteka, waɗanda asalinsu na cin abinci ne, su yi ta ɗora wannan a kan wancan, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi yana amsa launi, har bango ya ɓace. A ja da baya zuwa bakin ƙofa a duba, a ce a'a, a sauke a sāke. Me ya sa daga bakin ƙofa ake dubawa? Domin nan ne idon 'yan ganin ɗaki zai fara sauka. Mai jera ƙyallaye a Britannia da mai jera kwanuka a ɗakin amarya ba su taɓa jin labarin juna ba, amma ƙa'idarsu ɗaya ce: kayan amfani ne aka cire daga amfaninsu aka mai da su magana, kuma maganar da baƙo ake yinta.

Wannan ya fi bayyana a kanti. A Ultima Online mai gida na iya ɗaukar yaron kanti, wato wata sura da kwamfuta ke tafiyarwa, ya tsayar da shi a gidansa, ya zuba masa haja a jaka, ya sa wa kowane abu farashi. Yaron ba ya barci, yana sayarwa ko mai shi yana wurin aiki, amma kullum ana cire ladansa, in kuɗin ya ƙare ya tafi. A wancan zamani babu wani allo guda da za ka duba ka ga farashin dukan ƙasa. Sai dai ka taka, ko ka yi amfani da wani ɗan dutse da ake yi wa alamar wuri, wanda mai sihirin wasan ke karanta wa kalma ya tsinci kansa a can. Masu kantuna sukan yi wa irin waɗannan duwatsu alamar ƙofarsu, su je bakin bankin birnin Britain, inda jama'a ke cincirindo, su zubar a ƙasa don mai tsintuwa ya zo. To, ka sa kanka a matsayin wanda ya tsinta. Ka sauka a ƙofar mutumin da ba ka taɓa gani ba, a ƙasar da 'yan damfara suka yi yawa, inda akan sayar wa mutum jakar da babu komai a ciki, ko a ɗana masa akwati mai tarko. Mai kantin ba ya nan, ba za ka ji muryarsa ba, ba za ka dubi ƙwayar idonsa ba, babu maƙwabcin da zai ce maka ai ɗan gidan wane ne. Da me za ka auna amanarsa? Mu mun gāji cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne. Amma a ƙasar da babu fuska, dole tabarma ta ɗauki aikin fuska duka. Idan ka ga an rina jakunkunan haja kowace da launinta, takubba a ja, sulke a baƙi, kayan aiki a kore, ka ga an tsayar da yaran kanti a jere cikin tufafi iri ɗaya, an shimfiɗa darduma, an kunna fitilu, an ajiye maƙera a gefe don mai son gyara, to ka san mai wurin ya zuba kwanaki a nan, kuma wanda ya zuba kwanaki ba zai sayar da sunansa a kan ribar yini ɗaya ba. Ga shi kuma wasan ya tanadi cewa gwanin maƙeri ko maɗinki, in ya kai maƙura a sana'arsa, sunansa na iya fitowa a jikin abin da ya ƙera, sai sunan da ke kan takobi da sunan da ke kan allon ƙofa suka zama shaidu biyu masu gaskata juna.

Ba daga littafi na ɗauko wannan ba. Lokacin da nake karatu a Ingila, a farkon shekarun 2000, na zauna a Europa ina sana'ar haƙar ƙarfe, kuma akwai wani ɗan kanti a bayan garin Minoc, garin mahaƙa, wanda na yi fiye da shekara ina ciniki a cikinsa ban taɓa haɗuwa da mai shi ba ko sau ɗaya. Ɗaki ne ƙarami, amma a kusa da ƙofa an ajiye tebur da kujeru biyu suna fuskantar juna, da burodi da tulu a kai, alhali babu mai cinsu. A kusurwa ga fiyano na ƙyalle. A bango kuma ga allon saƙonni, inda za ka rubuta abin da ka nema ka rasa, ka dawo bayan kwana biyu ka tarar an ƙera an saka a jaka da sunanka. Lokaci-lokaci nakan tarar an sauya furannin bakin ƙofa, sai in san lafiya yake. A ƙasar da nake baƙo ta kowace fuska, a waje da cikin kwamfuta, kujerun nan biyu sun yi mini abin da sallamar maƙwabci ke yi, kuma har yau ina jin nauyin alherin mutumin a wuyana.

Sai dai ba zan zama mai adalci ba idan na nuna muku gaban zanen na ɓoye bayansa. Duk inda ado ya shiga, alfahari na biye da shi kamar inuwa. A cikin wasan akwai wasu abubuwa da masu gina ƙasar suka ajiye don cika wuri kawai, suka manta ba su kafe su ba, waɗansu ma sau ɗaya suka taɓa bayyana. 'Yan wasa suka tsince su, ƙarancinsu ya mai da su dukiya, har ta kai kashin doki, wanda aka zana don a ajiye a bakin barga, ya zama abin da attajirai ke saye da tsada su ɗora a wuri mai daraja a tsakiyar zaure. Wannan ba ya ce wa baƙo maraba, cewa yake yi dube ni; kuma a ganina nan ne iyakar da ke tsakanin ƙawa da riya ta ratsa. Kuɗin gaske ma bai tsaya a waje ba. Marubuci Julian Dibbell ya ba da labari a mujallar Wired a 2003 na wani mai rarraba burodi a jihar Oklahoma da ya sayi gida a Britannia da dala 750 ta kasuwar eBay, gidan da asalinsa wani ma'aikacin gini ne ya tara kuɗinsa da watanni na haƙar ƙarfe a cikin wasan bayan ya taso daga aikin yini. Ba na raina ko ɗayansu, amma ina faɗa wa ɗaliban da ke baya da babbar murya cewa israfi ba a dukiya kaɗai yake ba, akwai israfin lokaci, kuma na ga wanda adon ɗakin da babu shi ya shagaltar da shi daga haƙƙin ɗakin da yake kwana a ciki, da na iyayen da suka biya masa kuɗin makaranta.

Fili kuwa, da yake iyaka gare shi, bai daɗe ba ya ƙare, dazuzzuka suka cika da gidaje har mafarauci ya rasa inda zai bi. A shekarar 2000 aka ninka ƙasar biyu, aka kira sabuwar Trammel, inda ba a kashe mutum ko a yi masa sata, tsohuwar kuma Felucca. Ranar da aka buɗe gini a sabuwar an yi rububi irin na rabon ganima. A 2003 aka ƙara wata ƙasa mai suna Malas, aka kuma ba kowa ikon zana gidansa da kansa, bango da bene da rufi. Na yi zaton daga nan kyau zai yawaita, kuma lalle an ga gidaje masu ban sha'awa. Amma a birnin Luna, wanda ya zama babbar kasuwa, abin da ya fi yawa shi ne manyan akwatunan gini marasa fasali, an cusa yaran kanti a ciki kamar buhuna, domin wurin ya riga ya yi albarkar masu wucewa, babu sauran buƙatar a jawo kowa da ado. Da aka zo daga baya aka kawo hanyar binciken haja daga nesa, sai ɗan kantin bayan gari ya rasa ma dalilin da zai sa a zauna a kujerarsa.

Wanda ya fi kowa gādon wannan rigima a yau shi ne Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, wanda Naoki Yoshida ke jagoranta, aka kuma shigar da gidaje cikinsa a watan Disamba na 2013. A can an keɓe unguwanni, irin su Mist da ke bakin teku da Shirogane mai ginin Japanawa, kowace an yanka ta fuloti-fuloti masu adadi, kana ganin gidan maƙwabcinka da lambunsa. Da yake masu nema sun fi fulotan yawa nesa ba kusa ba, an yi zamanin da mutum zai tsaya a gaban allon fili sa'o'i masu yawa yana dannawa, don ba a san sa'ar da za a sake shi ba, har sai a 2022 aka mai da abin ƙuri'a. Wanda ya samu kuma, in ya yi kwana 45 bai taka cikin gidansa ba, a rushe a ba wani, ko da yake an dakatar da wannan hukunci a lokutan musiba, kamar annobar 2020. An kuma ƙayyade kayan da za a saka: shekaru da dama ƙaramin gida 200 ne a ciki, matsakaici 300, babba 400. A nan ido na iya zagayawa ko'ina, don haka dabarar ƙyalle ba ta ci, sai aka ƙago wata: a yi amfani da wata 'yar tangarɗa a tsarin wasan a sa kaya su tsaya a iska, a nutsar da rabin kabad cikin bango don a bar gefen da ake so kawai, a gina bangon ƙarya a ƙuntata ɗaki don kayan su ishe shi, a ɓoye fitila a bayan tagar ƙarya ta zama hasken hantsi. Mutane sun mai da gidajensu gidan shayi da ɗakin karatu da dandalin wasan kwaikwayo, suna sa ranar buɗewa, suna tsayawa da kansu suna tarbar baƙi. Kuma a bakin ƙofa akan ajiye littafin baƙi, wanda na ga masu gida suna komawa gare shi fiye da yadda suke komawa ga kayan da suka jera.

Waɗansu kamfanoni sun guje wa rigimar fili ta wata hanya, kamar EverQuest II na 2004 da The Elder Scrolls Online, wanda ya kawo gidaje a 2017 har ya yarje wa mai biyan kuɗin wata kaya 700 a manyan gidaje: kowa na iya mallakar gida iri ɗaya a wuri ɗaya, domin ƙofar ce kawai ake tarayya a kanta, in ka shiga kai kaɗai ne a naka. Adalci ne babu shakka, babu mai kwana a layi, babu mai kuka an rushe masa. Amma babu mai wucewa ya hango fitilarka ya ratso, sai wanda ka gayyata ko wanda ya nemo ka da gangan. Ga mas'alar a tsaye: in an bar gida a kan hanya fili ya ƙare, in an ba kowa fili hanya ta ɓace. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004 ya fi su duka jama'a a zamaninsa, shekara ashirin ya yi yana kauce mata, sai a ƙarshen 2024 ya ba da sanarwar zai kawo gidaje, daga baya kuma ya yi alkawarin unguwanni da maƙwabta kuma kowa ya samu. Ni dai, in aka tilasta mini zaɓi, ina tare da hanya, ko da gidan da zan samu a bakinta ciki ɗaya ne.

Saura abu guda, shi ne mafi nauyi. Duk wanda ya dasa gida a waɗannan ƙasashe a filin aro ya dasa, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A shari'ance abin da ke hannunsa ya fi kama da ariya, mai ita na da ikon karɓa ran da ya so. Ranar 15 ga Disamba 2011 aka rufe Star Wars Galaxies, da biranen da 'yan wasa suka kafa suka zaɓa musu magadan gari, da kantuna da gidajen tarihin da suka shirya, duka a dare ɗaya. Ultima Online yana nan har yau, amma shi ma yana da nasa hukuncin: gidan da mai shi ya bari yakan tsufa mataki-mataki, ana karanta halinsa a allon ƙofa, daga sabo zuwa ɗan lalacewa, har zuwa matakin ƙarshe da ke cewa yana gab da rushewa, da an ga haka sai labari ya bazu, mutane su taru su kewaye shi suna jira, domin a zamanin da nake wasan, in ya faɗi duk abin da ke ciki halal ne ga wanda hannunsa ya fara kaiwa.

Haka na tarar da kantin bayan Minoc wata rana bayan na dawo daga hutu. Na riga na ga alama, don furannin sun daɗe ba a sauya su ba, jakunkuna sun yi ta raguwa, yaran kantin sun tafi ɗaya bayan ɗaya, saƙona na ƙarshe yana allo babu amsa. Na tsaya cikin taron da ya kewaye gidan, mutanen da galibinsu ba su taɓa shiga cikinsa ba. Da bangon ya ɓace aka yi wawa a kan akwatuna, aka kwashe ƙarfe da sulke cikin ƙiftawar ido. Wani ya kai hannu kan fiyanon ya zare ƙyalle ɗaya daga tsakiya, ya ga ƙyalle ne kawai, ya yar, sauran suka zauna a kan ciyawa, tsibin baƙin yadi da allon dara, babu wanda ya waiwaye su. Ni na ɗauki kujerun nan biyu da wata garkuwa mai sunansa a jiki, na kai banki na ajiye. Kafin in juyo wani ya riga ya dasa sabon gida a filin, ƙofarsa a kulle, allonsa babu suna tukuna.